Igiyar da Ake Ɗaurawa Tun Ido Yana Gani

A ƙarƙashin tekunan duniya akwai kangayen jiragen ruwa masu yawan gaske. Waɗansu yaƙi ne ya nutsar da su, waɗansu hadari, waɗansu kuwa karo suka yi da juna cikin hazo. Akwai kuma mutanen da suke goya tulun iska a baya, su sa gilashi a fuska, su gangara su shiga cikin waɗannan kangaye. Tun shekarar 1943, sa'ad da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da take ba mutum iska daga tulu daidai da bukatar numfashinsa, nutso ya daina zama aikin sojojin ruwa da ma'aikatan tashar jirage kaɗai. Ya zama abin da malamin makaranta ko makanike zai iya yi ran hutunsa. Wanda ya ga hotunansu a talabijin yakan zaci ko'ina ruwa ne garau, ga kifaye masu launi iri iri. Haka yake a waɗansu wurare. Amma a arewacin Tekun Atilantika, da kuma gaɓar da manyan koguna irin su Neja suke zuba lakarsu cikin teku, akwai ranar da mai nutso zai miƙa hannunsa ya kasa ganin yatsunsa.

Mutum rai ɗaya gare shi, kuma akwai masu jiransa a gida. Ko daidai ne ya ɗauki wannan rai, da yardar kansa, ya kai shi inda ido ba ya gani? Waɗansu za su ce wauta ce, a hana. Waɗansu za su ce ransa ne, ba ruwan kowa. Amsoshin nan biyu suna da sauƙin faɗi, amma labarin jirage uku ya nuna cewa babu wadda ta isa a cikinsu.

Yadda duhun yake

Ruwa yana shanye haske. Jan launi ne yake fara ɓacewa tun a mitocin farko, sauran launuka su bi shi ɗaya ɗaya, har kome ya koma kore kore ko toka toka. A cikin jirgin kansa kuwa babu hasken rana sam, sai tocilar da mutum ya shigo da ita. Jirgin da ya yi shekaru a ƙasa ya tara laka mai laushi kamar gari a kan kowane abu. Idan mai nutso ya kaɗa ƙafa ba da lura ba, lakar ta tashi ta cika ɗakin. Ko da ya kiyaye ƙafarsa, kumfar numfashinsa tana tashi ta bugi rufin, tsatsa ta zubo masa kamar yayyafi. Sa'an nan tocila ba ta da sauran amfani, gama hasken yana bugun ƙurar ya komo masa cikin ido, kamar yadda fitilar mota take yi cikin hazon hunturu.

Ban da wannan, jirgin da ya nutse ba safai yake zaune daidai ba. Ko yana kwance a gefe, ko yana kife. Daɓe ya zama bango, ƙofa ta koma saman kai, matakala tana tafiya a gicciye. Wayoyin lantarki sun saki suna reto, ragar masunta ta lulluɓe waje, kowannensu yana iya kama tulun da mutum yake goye da shi daga baya, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Akwai abu ɗaya a nan da ya kamata a lura da shi ƙwarai. Yawancin duhun da yake kashe mai nutso, shi da kansa yake tayar da shi. Sa'ad da yake shiga, ruwan da yake gabansa bai motsu ba, yana gani, zuciyarsa tana ce masa ba kome. Lakar a bayansa take tashi. Sai ya juya zai fita ya tarar hanyar da ya biyo ta rufe.

Saboda haka masu wannan aiki suka kafa wa kansu ka'idodi. Akan ɗaura siririyar igiya a bakin ƙofa, a riƙa warware ta ana shiga, domin in ido ya gaza, yatsu su bi ta a fito. Akan raba iskar tulu kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya a ajiye saboda abin da ba a zata ba. Akan ɗauki tocila fiye da ɗaya. Waɗansu da suke tsoron kada igiya ta sarƙe su, sukan bi wata hanya: yau su shiga mita kaɗan su haddace wurin su fito, gobe su ƙara kaɗan, har ɗakin ya zauna a kansu kamar tsakar gidansu. Hanyoyin sun bambanta, amma tushensu ɗaya ne, watau a tanadi hanyar komowa tun ana gani.

Abin da zurfi yake yi wa hankali

Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa mutum matsi daidai da na iskar sararin da ya saba da ita a tudu. A mita 70 matsin ya ninka sau 8, iskar tulu kuma tana ƙarewa da sauri sau 8. Tulun da zai yi sa'o'i a tudu, mintoci ƙalilan yake yi a can.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Iskar da ake shaƙa, kashi mafi yawa a cikinta naitirojin ce, wadda ba ta yin kome a tudu. Amma daga wajen mita 30 zuwa ƙasa takan fara bugar da mutum kamar barasa. Tunani ya yi nauyi, lissafi mai sauƙi ya gagara, wani ya ji ƙarfin hali na banza, wani ya firgita ba dalili. Shi ya sa masu nutso don nishaɗi ba su wuce mita 40. Masu zuwa inda ya fi wannan sukan gauraya iskarsu da hiliyam domin kai ya zauna, sai dai hiliyam tana da tsada.

Abu na uku shi ne fitowa. Naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka muddin mutum yana ƙasa. Idan ya taso da sauri, sai ta yi kumfa a cikin jikinsa, kamar kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe farat ɗaya. Kumfar nan tana iya shanye ƙafafu, tana iya tsayar da zuciya. Dole ne ya riƙa tsayawa a hanya mataki mataki, wani lokaci fiye da sa'a guda saboda mintoci 20 da ya yi a ƙasa. Ashe ko wanda ya fito daga cikin jirgin bai tsira ba tukuna, da sauran bashi a kansa.

In aka haɗa waɗannan, sai a ga matsalar a fili. Hankalin da ya kamata ya ce wa mutum ya isa haka, shi ne abu na farko da zurfi yake ƙwacewa.

Jirgi na farko: faranti

A daren 25 ga Yuli, 1956, babban jirgin fasinja na Italiya mai suna Andrea Doria yana kan hanyarsa daga Genoa zuwa New York, sai ya yi karo da wani jirgin Suwidin mai suna Stockholm cikin hazo, kusa da tsibirin Nantucket. Mutum 46 suka mutu a cikinsa, 5 a cikin Stockholm, aka ceto fiye da 1,600 kafin ya nutse da safe. Ya kwanta a gefensa na dama, a zurfin mita 70 da 'yan kai, cikin ruwa mai sanyi, mai igiya mai ƙarfi, mai duhu.

Kashegarin nutsewarsa wani Ba'amurke mai suna Peter Gimbel ya gangara ya ɗauki hotonsa. A 1981 ya koma da ma'aikata suka fito da akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi, aka buɗe shi a gaban masu kallon talabijin a 1984, aka tarar da takardun kuɗi da ruwa ya jiƙa, ba zinariya da lu'ulu'un da aka yi ta zato ba. Bayansa waɗansu suka biyo, abin da suke nema kuwa shi ne farantan tangaran da kofuna masu ɗauke da tambarin kamfanin jirgin. Su da kansu suka raɗa wa wannan sha'awa suna, suka kira ta zazzaɓin tangaran. Masu nutso wajen 20 ko fiye sun mutu a wannan kango, uku daga cikinsu a shekarar 1998 kaɗai.

Ba daidai ba ne a ce waɗannan mutane wawaye ne. Da yawansu gwanaye ne, sun yi shekaru suna koyo. Kuɗin farantin ma ba shi ne ya kai su ba, gama abin da suke kashewa a kan kayan aiki da hayar jirgi ya fi shi nesa. Farantin shaida ce. Wanda ya ɗora shi a kan tebur a gaban abokansa ya nuna ya kai inda kaɗan suka kai. Girma a idon 'yan'uwa suka je nema, kuma girma abu ne da ɗan Adam ya daɗe yana sayar da ransa a kansa.

Irin wannan nema yana da wata mugunta ta musamman. Ɗakunan da suke kusa da ƙofa an riga an kwashe su, saboda haka kowace shekara sai an ƙara shiga ciki kafin a sami abin nunawa. Kuma faranti a cikin laka yake. Mai nema sai ya tona da hannu, tonon kuwa shi ne yake tayar da duhun da zai rufe masa hanya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, a nan kuwa ana iya ganin mabuɗin yana juyawa.

Jirgi na biyu: suna

A watan Satumba na 1991, wani kyaftin mai suna Bill Nagle ya kai masu nutso wani wuri da masunta suka nuna masa, kimanin kilomita 100 daga gaɓar New Jersey a Amurka. John Chatterton ne ya fara sauka. A zurfin mita 70 ya tarar da jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa, na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙasusuwan ma'aikatansa a ciki. Babu littafin Amurka ko na Ingila ko na Jamus da ya nuna an nutsar da wani jirgi a wurin. Gawawwaki ne marasa suna.

Chatterton da abokinsa Richie Kohler suka yi shekara 6 suna neman sunan jirgin. Tun da fari sun sami wata wuƙa da aka sassaƙa sunan Horenburg a ƙotarta. Horenburg ma'aikacin rediyo ne a jirgi mai lamba U-869, amma takardu sun ce wannan jirgi a wajen Jibralta aka nutsar da shi a farkon 1945, watau a ɗaya gefen teku. Daga baya aka gane cewa an aika masa umarni ya juya zuwa Jibralta, ga alama kuma saƙon bai same shi ba, ya ci gaba da tafiya yamma. Sai a 1997 Chatterton ya kwance tulunsa daga baya, ya tura shi gabansa ta wata ƙunƙuntar kafa, ya shiga ɗakin injin lantarki, ya fito da akwatin kayan gyara mai ɗauke da lambar jirgin. Mutum 56 suka sami sunansu. Kohler ya tafi Jamus ya sadu da danginsu, ya faɗa musu inda nasu suke kwance.

Abu ɗaya da mutanen nan biyu suka yi ya cancanci a tuna. Sun yi alkawari tsakaninsu ba za su taɓa ƙasusuwan ba, ba za su lalubi tufafin matattu ba, ko da yake mai yiwuwa amsar da suke nema tana cikin aljihun ɗaya daga cikinsu. Waɗannan matattu sojojin abokan gaban ƙasarsu ne. Duk da haka sun ɗauki wurin a matsayin kabari, suka zaɓi doguwar hanya. Ƙasashe ma sun gane wannan: Birtaniya ta yi doka a 1986 don kare kangayen jiragen yaƙi, kuma jirginta Royal Oak, wanda ya nutse a 1939 da mutum fiye da 800, ba a barin kowa ya yi nutso a kansa sai da izini.

Amma sunan U-869 bai zo a banza ba. Masu nutso uku sun mutu a kansa. Steve Feldman ya mutu a 1991. A watan Oktoba na 1992 kuwa, uba da ɗansa, Chris Rouse da Chrissy Rouse, suka sauka tare. Dukansu gwanaye ne, sun san amfanin hiliyam, amma a wannan tafiya da iska zalla suka sauka saboda ƙarancin kuɗi. Ɗan ya shiga ciki yana neman abin da zai nuna sunan jirgin, wani abu mai nauyi ya faɗo ya danne shi, laka ta tashi. Uban ya shiga ya kuɓutar da shi. Kafin su fito lokacinsu ya wuce nesa, kansu ya ruɗe, suka kasa gano inda suka ajiye tulunan da za su shaƙa a hanyar tasowa. Suka taso kai tsaye ba tsayawa. An ruwaito cewa a bakin jirgi uban ya ce a fara ɗaukar ɗansa. Shi ya mutu a nan, ɗan kuwa aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a New York, ya mutu a can. Mace ɗaya ta rasa miji da ɗa a tafiya ɗaya.

Ba wanda zai karanta wannan ya yi shakkar ƙaunar uban. Ya shiga duhu saboda ɗansa, ya ƙi barinsa har ƙarshe. Abin baƙin cikin shi ne, lokacin da ƙaunar nan take da ikon ceton su biyu ya riga ya wuce tun suna tudu, ranar da ake lissafin kuɗin iska. A ran nan abin da ƙauna take bukata ƙarami ne kuma marar ɗaukaka, a ce wannan karon ba za a sauka ba.

Jirgi na uku: hannu

Da asubahin 26 ga Mayu, 2013, wani jirgin jan jirage mai suna Jascon 4 yana aiki a teku, kimanin kilomita 30 daga gaɓar Nijeriya, sai igiyar ruwa ta kifar da shi. Ya nutse a kife, ya kwanta a zurfin mita 30. Mutum 12 ne a cikinsa. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya lalubi hanya cikin duhu har ya sami wani lungu inda iska kaɗan ta maƙale tsakanin ruwa da rufi. A nan ya zauna kusan sa'o'i 60, ba haske, ba abinci sai kwalbar lemo ɗaya, ruwan sanyi yana cin jikinsa. Ya faɗa daga baya cewa addu'a ya yi ta yi, yana tuna ayoyin Zabura. Sauran 11 sun mutu.

Masu nutson da aka aiko, 'yan Afirka ta Kudu ne a cikinsu, gawawwaki aka aike su su ɗauko, gama ba wanda ya zaci akwai mai rai. Ruwan cikin jirgin ya gurɓace da laka har aikin ya zama na lalube. Ɗaya daga cikinsu, Nico van Heerden, yana tafe cikin wani lungu sai hannu ya fito daga duhu. Ya zaci gawa ce, ya kama, hannun ya riƙe shi.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muhimmanci ga batun da ake yi. Zuciya za ta ce a jawo mutumin nan da nan zuwa iska da rana. Da sun yi haka da sun kashe shi, gama jikinsa ya ƙoshi da naitirojin bayan kwana biyu da rabi a ƙarƙashin matsi. Sai suka ɗumama shi, suka sa masa hular nutso, suka koya masa yadda zai shaƙa, suka bi da shi a hankali zuwa ƙaramin ɗakin ƙarfen da aka saukar da su a ciki. Daga nan aka shigar da shi ɗakin rage matsi, ya ƙara kwanaki kafin ya ga sarari. Duk tsawon aikin, kowane mai nutso yana haɗe da igiyar da take kawo masa iska, kuma muryar shugaban aiki tana zuwa masa daga sama ta waya, mutumin da kansa bai bugu ba, yana kallon agogo, yana da ikon ya ce a dakata. Tausayi ne ya sa suka riƙe hannun Okene, ka'ida ce ta kai shi gida.

Ma'auni

Duhun jiragen nan uku iri ɗaya ne. Laka ba ta tambayar mutum abin da ya kawo shi. Saboda haka ba a iya auna kyan aikin ko muninsa da yawan haɗarin kaɗai. Ana auna shi da abin da aka je ɗaukowa, da kuma ko an tanadi hanyar komowa.

Mai cewa ransa ne, ba ruwan kowa, ya manta da ɗaya bakin igiyar. Idan mai nutso ya ɓace a cikin kango, waɗansu ne za su shiga su fito da gawarsa, su sa nasu ran cikin haɗarin da ba su suka zaɓa ba. A gida kuma akwai mata, akwai 'ya'ya, akwai tsofaffi. Rai amana ne, mutane da yawa suna da rabo a cikinsa, kuma wanda zai jingina kayan tarayya ya kamata ya fara tambayar masu rabo. Ba ƙaramar rashin gaskiya ba ce mutum ya gaya wa iyalinsa cewa wasa zai je yi, alhali ya san inda zai shiga ya cinye gwanayen da suka fi shi.

Mai cewa a hana shi ma bai duba da kyau ba. Gwanintar lalube cikin ruwa marar gani ba daga sama take faɗowa ba, sai an yi shekaru ana shiga ana fita. A 2018, sa'ad da ambaliya ta tsare yara 12 da mai koya musu ƙwallo a cikin kogon Tham Luang a ƙasar Tailan, waɗanda suka fara kai wa gare su Turawan Ingila biyu ne, Rick Stanton da John Volanthen, ɗaya tsohon ma'aikacin kashe gobara, ɗaya ma'aikacin kwamfuta. Nutso cikin kogo sha'awarsu ce ta ranar hutu, kuma da yawa sun ɗauke ta a matsayin hauka kafin ranar. Haka nan iyalan mutum 56 na U-869 da har yau suna kallon wani gefen teku dabam. Sha'awar ganin abin da yake ɓoye ba laifi ba ce, ita ce ta haifi yawancin ilimin da mutane suke mora.

Gaskiya kuma ita ce, zukatan mutane ba su rabu kashi uku tsaf kamar jiragen nan ba. Mai neman faranti yana iya zama mai ceton abokinsa gobe. Mai neman sunan matattu yana iya kasancewa da son a san nasa sunan a ƙasan zuciyarsa. Waɗanda suka ceto Okene ma albashinsu suke nema. Babu mai iya tsayawa daga waje ya rantse a kan niyyar wani, shi kansa mai niyyar ba kullum yake gane ta ba. Shi ya sa kyakkyawar manufa kaɗai ba ta isa kariya. Mutum yana iya gaya wa kansa cewa abin da yake nema mai daraja ne, wannan kuma ya zama hujjarsa ta ƙara minti biyar. Rouse da ɗansa ba faranti suka je nema ba.

Shawarar da ake yankewa a sama

Da yake niyya tana iya ruɗin mai ita, hankali kuma yana raguwa daidai lokacin da aka fi bukatarsa, abin da ya rage shi ne a yanke shawara tun kafin a sauka, a kuma ɗaure kai da ita. Mai nutso na kirki yakan rubuta tun yana cikin jirgi: zurfi kaza, mintoci kaza, in iska ta kai kaza zan juya. A ƙasa zuciyarsa za ta kawo masa dalilai masu kyau na karya wannan. Ga ƙofa nan kusa, ga wani abu yana ƙyalli, yau jikinsa garau yake ji. Horonsa duka shi ne ya gaskata mutumin da ya yi lissafi a sama fiye da mutumin da yake ji a ƙasa, ko da yake su biyun shi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba sai mutum ya taɓa ganin teku zai gane wannan ba. Fushi, da bashi, da sha'awa, da neman a yabe shi a cikin abokai, duk suna yi wa hankali abin da zurfi yake yi, kuma mai shiga cikinsu yakan ga gabansa garau har sai ya juya. Iyakar da uba ko uwa ko saurayi ya sa wa kansa da rana tsaka, ita ce yatsunsa za su laluba su samu in ƙura ta tashi. Wanda ya bari sai ya shiga ciki sa'an nan ya yi tunani, ya ba da shawara ga wanda ya fi kowa rashin cancantar yanke ta.

Masu nutso suna da wata al'ada da ta tattara wannan duka. Idan ɗaya daga cikin abokan tafiya ya ɗaga babban yatsansa sama, nutson ya ƙare, kowa ya juya. Kowa yana da ikon yin wannan alama, a kowane lokaci, saboda kowane dalili, kuma ba a tambayarsa hujja, ba a yi masa gori a sama. Sun koyi wannan ne daga jana'izar abokansu, gama sun ga cewa kunyar a ce mutum ya ji tsoro ta kashe mutane fiye da tsoron kansa. Wanda ya juya ya bar faranti a cikin laka bai rasa kome ba da ba zai iya komawa nema ba, in da rai da rabo.

Harrison Okene ya yi zamani yana firgita cikin barci, yana jin kamar gadonsa yana nutsewa. Daga baya ya shiga makarantar koyon nutso, a 2015 ya karɓi takardar shaidarsa ta mai nutso na sana'a. Mutumin da ya san duhun ruwa fiye da yawancin mutane ya koma cikinsa, amma a wannan karon ya koyi lissafin iska, ya san matakan tasowa, kuma akwai igiya a jikinsa da wani yake riƙe da ita daga sama.